Kafin a buɗe ƙofofin Goronyo: nazarin rauni da ƙarfin ƙauyukan fadamar Rima

Gulbin Rima daga nesa yake tattaro ruwansa. Gagare da Bunsuru suna gangarowa ta ƙasashen Zamfara da Katsina. Gulbin Maraɗi kuma ya faro daga Katsina, ya ratsa Jamhuriyar Nijar, sannan ya sake shigowa Najeriya ta gabashin jihar Sakkwato. Duk a madatsar ruwa ta Goronyo suke tsayawa, wadda aka kammala a 1984 aka buɗe a 1992, mai iya riƙe ruwa sama da mita-kubik miliyan 900. Daga nan gulbin ya biyo ta Wurno da Kware, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya wuce Wamakko da Silame zuwa Argungu. Shi ma Gulbin Sakkwato yana da tasa madatsar, Bakolori, kusa da Talata Mafara, tun 1978.

Don haka manomin Wurno yana iya kwana sama tas babu ko hadari, ya wayi gari ruwa na cikin gonarsa. Ruwan da ya ci shi a wata ƙasa aka yi shi, kuma mutane ne a bakin madatsa suka yanke shawarar sa'ar da zai taso. Tsofaffin alamun da kakanni suka bari, na kallon gabas da lura da yadda gulbi ke ƙaruwa a hankali, har yanzu suna da amfani, amma ba su isa ba.

Wannan nazari ya taƙaita ga ƙauyukan da ke bakin fadama a ƙasan madatsar Goronyo. Ina so in duba inda rauninsu yake, da abin da suke da shi a hannu na kare kai, da yadda ya kamata a auna waɗannan biyun kafin wata damina.

Abin da ya faru a 2010

A ƙarshen watan Agustan 2010 an yi ruwa mai yawa har madatsar ta cika ta kai matakin haɗari. Ranar 1 ga Satumba aka buɗe ƙofofi don a rage mata nauyi, ruwa ya mamaye ƙauyen Kagara da ke ƙasanta. Mako guda bayan haka, ranar 8 ga wata, magudanar da rarar ruwa ke fita ta ɓalle, ambaliyar ta bazu zuwa ƙananan hukumomi da dama. Duk wannan cikin goman ƙarshe na azumi ne, ana dab da ƙaramar sallah. Gidaje suka rushe, gonaki suka nutse, dubban mutane suka koma makarantu da sansanoni. Hatta birni bai tsira ba, don ruwa ya yanke hanyar da ta haɗa Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta wajen Kwalkwalawa. Shekarar kuma ta zo da annobar kwalara da ta kashe sama da mutum 1,500 a Najeriya, abin da ya sa kowane sansani ya zama wurin fargaba. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Goronyo a lokacin, tana cikin waɗanda suka kai ɗauki.

Abin da na fi so a lura da shi shi ne wannan tazara ta mako guda tsakanin 1 da 8 ga wata. Ga ƙauyukan da ke can ƙasa, kwanakin nan dama ce ta kwashe hatsi da dabbobi da tsofaffi. Duk wanda zai auna shirin wani ƙauye a wannan fadama, tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce: in aka sake samun irin wannan mako, me garin zai yi da shi?

Inda raunin yake

Ana yawan farawa da gidaje, kuma da gaskiya. Ginin ƙasa ba ya buƙatar ruwa mai gudu kafin ya faɗi. Ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu ko uku, ƙasar ta jiƙe ta saki, sai ɗaki ya rufta, sau da yawa cikin dare mutane na barci. Amma gidaje a fili suke, kowane baƙo zai gani ya rubuta. Raunin da ya fi tsanani sai an zauna an yi lissafin watanni ake gane shi.

Ambaliyar Rima tana zuwa ne daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, lokacin marka. A wannan lokaci hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, gero ya nuna ko yana dab da nuna, shinkafar fadama na tsaye ba ta isa yanka ba. Ruwa guda sai ya ci abinci biyu, ragowar na bara da na bana gaba ɗaya. Bayan haka ga asara ta uku da ba a cika sa ta a lissafin ɓarna ba: jarin noman rani. Mutanen Goronyo da Wurno sun shahara da albasa da tafarnuwa da alkama, kuma da kuɗin amfanin damina ake sayen iri da taki da man injin ban ruwa. In damina ta tafi, rani ma ya raunana, sai a ci bashi wurin dillali a kan amfanin da ba a shuka ba tukuna. Magidancin da ruwa ya ci gonarsa a Satumba yana iya kai wata damina bai miƙe ba.

Sai ruwan sha. A yawancin ƙauyukan nan rijiya buɗaɗɗiya ce, salga kuma rami ce a bayan gida. Ambaliya ta zo ta haɗe su. Ko bayan ruwa ya janye, rijiyar ta gurɓata, amai da gudawa su biyo baya, zazzaɓin cizon sauro kuma ya ƙaru saboda kududdufai. Mai auna rauni ya kamata ya san rijiya nawa ce a kan tudu, burtsatse nawa ke aiki a zahiri, da kuma wanda ke riƙe da maganin tsaftace ruwa idan akwai shi.

Sannan ga mutane. Ba kowa ruwa ke samu daidai da kowa ba. Matar da ke cikin kulle, in mijinta yana kasuwa ko ya tafi ci-rani, da wuya ta fita da yara ba da izini ba, ko da ta ji shela. Mai jego da mai tsohon ciki ba sa iya ratsa ruwa. Akwai tsoho da ƙafa ta ƙi, da makaho, da kurman da lasifika ba ta yi masa amfani. Akwai almajiran da ke kwana a zaure, waɗanda sunansu ba ya cikin lissafin kowane gida. Akwai Fulanin ruga a gefen fadama, da shela ba ta isa wurinsu, kuma in an zo rabon agaji a ce ba 'yan gari ba ne. Waɗannan su ne suka fi shiga haɗari, kuma su ne ba a gani a taron ƙofar gidan hakimi, inda baƙi suka saba tsayawa su yi tambayoyinsu su wuce.

Dalilin ƙin tashi

Duk shekara za ka ji jami'ai na kokawa cewa an gargaɗi mutane amma sun ƙi tashi, wani ma har ya kira abin jahilci ko taurin kai. Ban yarda da wannan fassara ba, kuma ina ganin ita ce ke ɓata yawancin shirin da ake yi.

Ka sa kanka a matsayin magidanci mai rumbu biyu da shanun huɗa da 'yan awakin matarsa. An ce masa ruwa na zuwa. Ba a faɗa masa ranar ba, ba a faɗa masa iya inda zai kai ba. In ya tashi ya bar rumbu, ko ruwa ya ci ko ɓarawo ya kwashe. In ya ce zai kwashe, ina amalanke, ina kuɗin mota, kuma gidan wa zai kai? Bara ma an yi irin wannan gargaɗi ruwa bai iso unguwarsu ba, waɗanda suka tashi suka dawo ana yi musu dariya. A wurinsa lissafin a fili yake: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yana zaune ne yana gadin abin da iyalinsa za su ci har shekara ta zagayo. Ba a raba shi da gidan sai an fara sama wa hatsinsa da dabbobinsa wuri.

A shekarun nan kuma wani abu ya ƙaru da babu shi a 2010. Gabashin Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni zuwa Goronyo da Rabah, yana fama da 'yan bindiga. A watan Oktoban 2021 an kai hari kasuwar Goronyo aka kashe sama da mutum 40. Tudun da a da ake gudu a hau in ruwa ya taso, yanzu wani wurin ba a iya kwana a kansa, balle a kai shanu. Makarantun da suka zama mafaka a 2010, wasu sun riga sun cika da 'yan gudun hijira. Mutanen da aka koro daga ƙauyukan daji kuma sukan sami fili ne a inda 'yan gari suka ƙi ginawa, wato kwari, hanyar ruwa. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro, a daidai watan da gulbi ke cika. Duk shirin gargaɗi da ya dogara ga waya kaɗai ya kamata ya tuna da wannan. Haka hanya: inda titi ya zama abin tsoro ko ruwa ya yanke shi, jama'a na komawa kwalekwale, a cika shi fiye da kima ba rigar ceto. A Agustan 2025 wani kwalekwale ya kife da fasinjoji masu yawa a hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo.

Saboda haka ba zai yiwu a auna haɗarin ambaliya a takarda ɗaya, na tsaro a wata takarda ba. A rayuwar mutumin fadama abu guda ne.

Abin da gari ke da shi

Nan ne aka fi yin sakaci, alhali nan ne abin ginawa yake. Kowane ƙauyen bakin gulbi yana da masunta da sarkin ruwa, mutanen da suka san zurfin kowane gurbi da inda igiyar ruwa ke ja. Su ne ke fara ceto tun kafin wata hukuma ta iso, da kwalekwalensu da gorarsu. Akwai dattawan da za su nuna maka a jikin bangon masallaci ko gindin tsamiya daidai inda ruwan 2010 ya tsaya. Wannan ma'auni ne na gaske, kuma kyauta ne.

Akwai masallaci da lasifikarsa, da liman da ake jin maganarsa sau biyar a rana. Akwai mai shela. Akwai gidan rediyon Rima da ake saurare har a gona. Akwai 'yan agajin ƙungiyoyin addini, matasa masu horo da ɗa'a, waɗanda sun saba tsare taro da ɗaukar mara lafiya. Akwai gayya, wadda in ta iya nome gonar mutum a yini guda, za ta iya kwashe rumbunsa. Mata suna da adashe, kuma uwar adashe ta san halin kowane gida fiye da kowane jami'i. Akwai zakkar hatsi da ake fitarwa da kaka, ga kuma hukumar zakka da waƙafi ta jiha.

Wani ƙarfi da nake ganin ba a amfana da shi yadda ya kamata shi ne na matan da suka yi shekaru suna aikin rigakafin shan inna gida-gida. Sun shiga kowane lungu, sun san gidan da ke da jariri da wanda ke da mai ciki, sun san rugage da ƙananan tungaye da ba su cikin taswira. Su da ungozomomi za su iya zayyana waɗanda sai an ɗauke su in ruwa ya zo, cikin yini ɗaya, ba sai an kawo masu ƙidaya daga birni ba.

Sai kuma zumunta. Da wuya ka sami gida a bakin fadama da ba shi da ɗan'uwa ko suruki a wani gari na tudu. In ambaliya ta zo, da yawa can suke nufa, sansani sai wanda ya rasa. Amma ɗan'uwan nan da ya karɓi mutum goma, shi ba a rubuta shi cikin masu buƙatar tallafi, sai nasa rumbun ya ƙare tun kafin rani ya raba.

Yadda za a auna

Hanyar da ƙungiyar Red Cross da makamantanta ke bi sananniya ce: a zana taswirar gari tare da mutanensa, a zaga da ƙafa daga bakin gulbi zuwa tudu, a jera watannin shekara da abin da kowanne ke zuwa da shi, a tattara tarihin masifun da aka taɓa gani. Yarjejeniyar Sendai ta 2015, wadda ƙasashen duniya suka cimma kan rage haɗarin bala'o'i, ita ma fahimtar haɗari ta sa a gaba da komai. Kayan aikin ba su da laifi. Yadda ake riƙe su ne ke sa a dace ko a yi aikin banza.

Babbar matsala ita ce, da zarar baƙo ya sauko daga mota da takarda da biro, kowa zai ɗauka rajistar tallafi ce. Mai kwalekwale ya ɓoye kwalekwalensa, mai shanu ya ce ba shi da ko akuya. Ba ƙarya ce ta mugunta ba, abin da aka koya wa mutane ne shekara da shekaru, cewa wanda ya fi nuna rashi shi ke samu. Sakamakon haka sai a koma ofis da dogon jerin rauni, shafin ƙarfi kuwa fayau. Maganinsa shi ne a bi ta hannun uban ƙasa da hakimi, a faɗa a fili tun ranar farko cewa ba rabo aka zo yi ba, kuma a bar kwafin duk abin da aka rubuta a hannun gari.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Bayan kaka zuwa farkon rani ya fi, hankali ya kwanta, hanya ta bushe, 'yan ci-rani ba su gama watsewa ba. Zaman mata a yi shi daban, cikin gida, mace ta jagoranta. A je ruga a sami arɗo a wurinsa. A zauna da malaman tsangaya. Tambaya kuma kada ta zama "me kuke buƙata", don amsarta a shirye take. Gara a ce wa dattijo: Baba, waccan shekarar wa ya fara sanin ruwa na tafe, da wane lokaci, wa ya gaya wa? A ce wa tsohuwa: Inna, da kika fito me kika fara ɗauka, a ina kuka kwana, wa aka manta a baya? Daga irin waɗannan amsoshi ake gano daidai inda saƙo ya tsaya a hanya.

Saƙon dai yana da doguwar tafiya. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, ta fitar da hasashen ambaliya har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Madatsun Goronyo da Bakolori suna hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, tana aiki tare da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Duk waɗannan suna nan. Aikin mai nazari shi ne ya bi saƙon da ƙafa, daga bakin madatsa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, zuwa uban ƙasa, zuwa mai unguwa, har zuwa kunnen matar da ke ƙuryar ɗaki, ya ƙirga awoyin da kowane mataki ke ci, ya gwada su da awoyin da ruwa ke ɗauka kafin ya iso garin. In ruwa ya fi saƙo sauri, to an gano babban rauni, ko da gidajen garin duk na siminti ne.

Abin da nazarin ya kamata ya haifar

A ganina tashi bai kamata ya zama umarni guda na a kwashe a fita ba. A raba shi. A kafa alama a wurin da kowa ke gani, ginshiƙin gada ko turken ƙarfe a bakin gulbi, a shafa fenti hawa uku, a ɗora wa sarkin ruwa dubawa safe da yamma. Ruwa ya taɓa na farko, ko labari ya zo cewa za a buɗe ƙofofi, sai a yi gayyar kwashe hatsi da iri da injin ban ruwa zuwa ma'ajiyar da aka riga aka shirya a tudu, kowane buhu da sunan mai shi, mabuɗi a hannun amintattu biyu ko uku. Ya taɓa na biyu, dabbobi da tsofaffi da masu jego da almajirai su tafi, kowanne an san wanda zai ɗauke shi. Na uku, kowa ya fita. Magidancin da hatsinsa ya riga shi isa tudu ba zai tsaya gardama ba. In kuma ruwa bai zo ba, asarar ba ta wuce ta dakon buhuna ba, babu wanda zai ji kunya.

Batun izinin mata a warware shi tun da rani, a masallaci, liman ya yi bayani, kowane maigida ya faɗa wa iyalinsa cewa in an yi shela ba sai an jira shi ba. Garin da zai karɓi baƙi a yi magana da shi a gaban uban ƙasa, a san makaranta ko filin da za a sauka, a gyara rijiya da makewayi, a kuma sa gidajen da suka karɓi 'yan'uwa cikin lissafin tallafi.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gari, kuma rashin adalci ne a jibga masa shi da sunan dogaro da kai. Yashi da laka da ke cike madatsa suna rage abin da za ta iya riƙewa. A 2018 ruwan Goronyo ya ja baya ƙwarai har aka shiga fargabar ruwan sha a birnin Sakkwato, wato madatsar guda tana iya jawo ambaliya da damina da ƙishirwa da bazara. Yashe ta, da kula da magudanarta, da daidaita sakin ruwa tsakaninta da Bakolori, da gina gadoji, duk aikin gwamnati ne. Shawarar da ake yawan bayarwa ta a mayar da ƙauyuka tudu dungurungum kuwa, tana aiki ne kawai in sabon mazaunin yana da ruwan sha kuma ana iya zuwa gona a dawo a yini. In ba haka ba mutane za su koma, domin fadamar nan ita ce abincinsu.

Shafin da ya fi wuyar cikewa shi ne na mafaka. A wasu garuruwan na gabas, tudun da ruwa ba ya kaiwa yana gefen daji, wurin da ya fi aminci daga hari kuma yana cikin kwari. Inda aka tarar da haka, kwamitin gari ba shi da amsa, kuma kada a rubuta kamar yana da ita. A rubuta sunan garin, da yawan gidajensa, da wurin da aka duba aka ga bai yi ba, a miƙa wa ƙaramar hukuma da hukumar agaji ta jiha da jami'an tsaro kafin watan Yuni, tare da buƙatar a ware wurin sauka mai gadi a garin da ya fi kusa, da motocin da za su kai mutane can.